Talata Uku Ban Buɗe Ruwa Ba

Talata, 8 ga Yuli, ƙarfe bakwai na safe

Yau ranar ruwana ce, kuma ban buɗe ba. Na rubuta a nan da hannuna don kada gobe tsoro ya kama ni in ce mantuwa na yi.

Tun da asuba saƙo ya shigo wayata, ɗigo uku, dukansu shuɗi. Na'urorin nan da jami'ar gona ta binne mini a cikin albasa wata biyu da suka wuce, ɗaya sama-sama, ɗaya a tsakiya, ɗaya can ƙasa, duk bakinsu ɗaya: ƙasar ta sha har ta gaji. Shuɗi ruwa ya yi yawa, kore ya isa, ja ƙishirwa. Shekara ashirin da biyu na yi ina koyar da 'yan aji ɗaya a garin Same, kuma ko cikinsu babu wanda wannan zai ba wuya. Amma wata biyu ina ganin shuɗi ina buɗewa, saboda kowa na buɗewa. Bara rabin albasata a ƙasa ta ruɓe, na ce ƙaddara ce. Ashe da hannuna na nutsar da ita.

Mzee Mshigeni, dattijon da ke rabon ruwa, ya iso da sandarsa kamar kullum, ya tsaya a bakin mashigata yana jiran in sa fartanya in kawar da toshiyar. Na gaishe shi, na ce yau ya wuce da ruwan gaba, gonata ba ta so. Ya tambaya ko jikin ne. Na ce lafiyata ƙalau, na miƙa masa wayar. Ko kallonta bai yi ba, ni ya kalla.

"Malama Nakijwa, kin san na ƙirga ɗaya."

"Na sani, Baba."

Ya wuce. Na tsaya ina kallon ruwana yana gangarawa ƙasa ya bar ni. Gabana ya faɗi, ba zan ɓoye wa littafi ba.

Talata, da magariba

Ba don kowa na yi ba. Don albasa na yi.

Laraba, 9 ga Yuli, ƙarfe huɗu na yamma

Mama Eliaza, wadda gonarta ke manne da tawa, ta leƙo ta kan shinge da zanenta a ɗaure a ƙugu. Ta ce an gaya mata na sake aure, wai waya ce sabon mijin, shi ke cewa in buɗe ko in rufe. Na ce gara shi, ba ya neman tuwo kuma ba ya minshari. Ta yi dariya har da riƙe shinge, sannan ta gimtse fuska ta ce in daina wasa da ranar ruwa, ba a sayen ta a kasuwa.

Bari in rubuta dokar hanyar ruwanmu ta Mvango yadda take, ko idan na gan ta a takarda zan ga hankalin da ke cikinta. Duk wanda ya bar ranar ruwansa sau uku a jere, ya bar ta ke nan har abada, sai a ba wanda ya fi kusa da shi a jini a kan wannan hanyar ruwa. Kuma ba a cewa ka sha ruwa sai mai rabo ya gani da idonsa ruwan ya bi fangali bayan fangali har ya taɓa dutsen iyakarka. Kakanninmu suka yi ta lokacin da maza ke tafiya ƙwadago shekara da shekaru su bar rabonsu babu mai amfani da shi. A lokacin ta yi daidai. Yanzu kuwa saboda ita ne mutum zai malale gonarsa washegarin ruwan sama, saboda ita ne na ga an tashi daga zaman makoki an je an shayar da gonar da ko ciyawa ba a shuka ba. Kowa tsoron ƙirgen Mshigeni yake yi. Mutanen ƙarshen hanya kuma sai su sami abin da ya rage, in ya rage.

Wanda ya fi kusa da ni a jini. To. Ni dai ban ce komai ba.

Juma'a, 11 ga Yuli, da azahar

Juma'a ranar mutanen ƙarshe ce. Na kai niƙa, hanyar injin kuma ta gefensu ta bi, ba ni na shimfiɗa ta ba. Masararsu ta naɗe ganye tun hantsi. Daga gonarsu zuwa tsohon kwarin kogi babu ko laka, shanun makiyaya sun tattake wurin da muke kama ƙananan kifi muna yara. Na ga Kiangi a duƙe yana jan ɗan ruwan da ya iso masa da fartanya daga wannan tushe zuwa wancan, kamar mai raba miyar da ta ƙare. Ya gan ni. Ya ci gaba da abin da yake yi.

Kiangi ƙanena ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Shekara biyu ke nan rabon da ya ce mini ko sannu. Shi ya zauna da Babanmu shekara talatin suna noma, ni ina gari ina riƙe da alli. Na dawo wata takwas kafin Babanmu ya cika, na yi jinya, sai ya ba ni gonar sama da ranar Talata, ya bar wa Kiangi ta ƙarshe. Abin da aka faɗa a tsakar gida ranar da muka binne shi ba zan rubuta ba. Nawa ya fi nasa muni.

Garin masara ya yi laushi yau. Shi ke nan.

Lahadi, 13 ga Yuli, bayan coci

Wayar ta aiko mini da tauraro. Wai na bar wa kogi awa huɗu na ruwa, ga hoton ɗan kifi yana murmushi. Na yi tsaki. Na sha manna wa yara tauraro a littafi, na san dabarar. Abin haushin shi ne na buɗe na sake kallonsa har sau uku.

Jami'ar gonar, Nankondo, ta kira. Ta ce cikin mu goma sha ɗaya da aka binne wa na'ura, ni kaɗai ce na taɓa barin rana ta wuce, sauran suna kallon shuɗi suna buɗewa. Na tambaye ta ko su da suka ƙera abin a birni sun san da dokar sau uku. Ta ce babu wanda ya gaya musu. Na ce babu wanda suka tambaya dai. Ta ce kada in jefa kaina a wahala saboda aikinsu. Na ce mata ita ta ci gaba da aiko launinta, ni na san abin da zan yi da shi.

Talata, 15 ga Yuli, ƙarfe shida da rabi na safe

Kore, shuɗi, shuɗi. Biyu ke nan.

Mshigeni yatsu biyu ya ɗaga mini ya wuce. Ba fushi na gani a fuskarsa ba, tausayi ne, kuma ya fi ba ni haushi.

Laraba, 16 ga Yuli, da yamma

Na gano abin da ya sa gonata ba ta bushewa. Hanyar ruwan ƙasa ce zalla, kullum tana tsiyaya ta ƙarƙashin fangulana na sama, Mama Eliaza kuma idan ta malale tata ran Litinin rabi nawa ne. Wato shekara biyu ina shan ruwa sau uku, ina karɓar sunan sau ɗaya. Na faɗa mata, ta ce to in biya ta da albasa.

A kasuwa an fara magana. Wasu na cewa boko ne ya taɓa ni. Wasu na cewa dabara ce, ina so in mayar wa Kiangi abinsa ba tare da na buɗe baki na ba shi haƙuri ba. Wanda ya fara faɗin wannan Allah ya shirye shi.

Ba don shi nake yi ba.

Juma'a, 18 ga Yuli, ƙarfe takwas na safe

Babu saƙo. Na kashe wayar na kunna, na hau kan tudun tururuwa na ɗaga ta sama kamar mai kiran kaji, shiru. Nankondo ta ce batirin akwatin aika saƙo da ke kan sanda a gonata ne, tana can wani ƙauye, sai Litinin.

Asabar, 19 ga Yuli, ƙarfe biyar na yamma

Aikin gayya na yashe hanyar ruwa. Kowane gida mutum ɗaya, tun daga tafkin sama har ƙasa. Mshigeni ne ke jera mutane, kuma ko dai tsufa ne ko gangan, ya sa ni kusa da Kiangi. Awa uku muna jefa laka gefe ɗaya. Ya rame. Wuyan rigarsa ya yi masa yawa, kuma ya fara furfura a gefen kunne daidai inda Babanmu ya fara. Sau ɗaya fartanyata ta maƙale a saiwa, ya miƙo tasa ya sare saiwar, ya koma wurinsa bai ɗago kai ba. Na buɗe baki zan ce na gode, sai na koma jefa laka.

Da aka kawo makande, dahuwar masara da wake, kowa ya ja kwanonsa, wani daga cikin mutanen sama ya ce a zuba wa Malama kaɗan, sai waya ta ce tana jin yunwa tukuna. Aka kwashe da dariya, ni ma na yi. Na ce masa shi kuwa ko wayar ta yi ja ta yi shuɗi ba zai daina ci ba, cikinsa ya shaida. Kiangi bai yi dariya ba, ko ta farko ko ta biyu.

Wata mata daga mutanen ƙarshe ta matso lokacin wanke kwano ta ce mini a hankali, Talata biyun nan ruwa ya kai har kududdufinsu, sun ba wake. Ta faɗa ta yi sauri ta bar wurin kamar ta saci wani abu.

Lahadi, 20 ga Yuli, da hantsi

Har yanzu babu saƙo, kuma bakin ganyen albasa ya fara rawaya a fangali biyu. Ban je coci ba. Na zauna a kan kunya ina kallonsu ina tambayar kaina, idan abin nan ƙarya yake yi fa? Idan tun makon jiya ya lalace yana aiko mini launin da ya ga dama?

Na haƙa da hannu har gwiwar hannu. Ƙasar da na ciro ta dunƙule, ta bar mini danshi a tafi. Akwai ruwa. Rawayar ta tsofaffin ganye ce, sababbin a miƙe suke, kuma da na tona tushe ɗaya na ga saiwa fara tas, babu warin ruɓa irin na bara. Na mayar da ita na binne, na ba ta haƙuri. Mace mai shekara hamsin da huɗu tana ba albasa haƙuri, ga inda muka kai.

Litinin, 21 ga Yuli, ƙarfe shida na yamma

Nankondo ta zo a kan babur ta sauya batiri. Kore, kore, shuɗi. Ta karanta ta dube ni, ta ce ita ba za ta ce mini komai ba. Na ce yauwa.

Bayan tafiyarta Mama Eliaza ta shigo har ɗaki, ba ta ko karɓi shayi ba. Ta ce tun da na ƙi jin magana, ga hanya mai sauƙi wadda kowa ya sani: in ja siririyar hanya a gefen gona tun daga mashiga har dutsen iyaka, ruwa ya bi ta nan ya taɓa dutse, albasa ba ta jiƙa ba, Mshigeni ya gani, kowa ya huta. Na tambaye ta daga dutsen ina ruwan zai je. Ta ce kan hanya mana, ya bi rami. Na ce awa huɗu na ruwa a kan hanyar babura, mutanen ƙarshe suna lasar leɓe.

"Ke Malama, wallahi taurin kanki ya fi na jakin gidan Mchome. Rana ɗaya ce fa. Ki rufe ido ki buɗe, sai ki sake ƙirga daga farko."

"Sai in sake rufe ido bayan mako uku. Har yaushe?"

"Har ki mutu da ranarki a hannu, kamar kowa."

Ta fita tana faɗa. Na san don tana ƙaunata ne. Kuma gaskiyarta, idan ranar nan ta tafi, gonar sama ta zama fili kawai, duk ranar da launin ya koma ja ba ni da inda zan ce a ba ni. Na san wannan sarai. Ina so in tsaya a gaban taro in ce musu ga albasa, mako uku ba ta ga buɗe mashiga ba, ku zo ku taɓa. Idan na yi dabarar dutse ba ni da bakin faɗin haka.

Talata, 22 ga Yuli, ƙarfe shida na safe

Kore, kore, kore. Na yi addu'a ya zama ja, Allah ya gafarta mini. Bai zama ba.

Talata, ƙarfe tara

Uku.

Mshigeni ya daɗe a tsaye. Ya ce shi da Babanmu tare aka yi musu kaciya, kada in sa shi ya yi abin da zai hana shi barci. Har ya sunkuya da kansa zai kawar mini da toshiyar, tsoho da ciwon baya. Na riƙe masa hannu na ce, Baba, ka yi aikinka, ni ma nawa nake yi. Ya miƙe ya kakkaɓe gwiwa ya ce taro ran Asabar a ƙarƙashin mangwaro.

Laraba, 23 ga Yuli

Ban fita ba. Ban dafa komai ba.

Alhamis, 24 ga Yuli, da yamma

Na tashi na yi wanka na share tsakar gida. Na rubuta abin da zan faɗa a taro, na yage, na sake rubutawa. Abu ɗaya nake nema: idan mai gona ya nuna kore ya ce a wuce da ruwa, a ƙirga masa ya sha. Shi ke nan. Ba na neman a soke dokar kakanni, a ƙara mata layi ɗaya kawai.

Wayar ta sake aiko tauraro, yanzu uku. Wai ni ce ta ɗaya a gundumar. Ta ɗaya a rasa gado.

Asabar, 26 ga Yuli, ƙarfe uku na rana

An gama. Bari in rubuta daki-daki tun ban fara gyara wa kaina labarin ba.

Mutum arba'in da wani abu suka zo. Na kawo albasa biyu a kwano, ɗaya tawa, ɗaya ta Mama Eliaza da na roƙa. Tawa ta fi ƙarfi, kowa ya taɓa ya gani, ita kanta ta ce a ba ta tata ta ɓoye. Na yi magana ba tare da muryata ta yi rawa ba. Na ce ruwan da muke zubarwa don tsoron ƙirge ya isa ya kai ƙarshen hanya ya sauka kogi. Na ce taki ma da muke sawa tafiya yake yi da ruwan. Mutanen ƙarshe suna gyaɗa kai, amma babu wanda ya tashi.

Sai Mshigeni ya yi magana, kuma ba zan yi masa ƙarya ba, maganarsa ta shige ni. Ya ce bai ƙaryata albasa ba, yana da ido. Amma gonaki arba'in da uku ne, na'ura goma sha ɗaya. Ruwa a kan dutse kowa na iya gani, mai waya da marar waya, mai karatu da wanda bai yi ba. Launi a cikin waya kuwa mai ita kaɗai ke gani, kuma waɗanda ke aiko shi ba su taɓa yashe hanyar nan da mu ba. Ya juyo gare ni.

"Makon jiya kwana uku abin bai yi magana ba, ko ba haka ba? Ran da masu shi suka tattara suka koma, wa zan tambaya, 'yata?"

Na ce a tambayi ƙasa, a haƙa da hannu a gaban kowa. Ya ce wannan magana ce, a kawo ta bayan girbi a zauna a kanta. Amma yau ba don sauya doka aka taru ba, don cika ta ne. Aka ɗaga hannu. Tara suka bi bayana, har da Mama Eliaza da ke ta harara ta tana ɗagawa. Sauran suka bi doka.

Daga nan ya ce ranar Talata ta gonar sama ta koma hannun Kiangi ɗan Mbwambo, ko yana da magana? Kiangi yana can baya a tsugune. Bai ɗaga hannu a kowane ɓangare ba. Ya ce ya ji. Kalma biyu, kuma ba ni ya faɗa wa ba.

Na ɗauki kwanona na taho. Ban yi kuka a hanya ba.

Lahadi, 27 ga Yuli

Abin da ya ce nasa ne tun farko ya koma masa. Ya kamata in ji sauƙi ko in ji ciwo, sai na ji duka biyun.

Litinin, 28 ga Yuli, da la'asar

Na auna tafiya daga gonata zuwa tafkin sama da bokiti a ka: minti ashirin da biyar zuwa, dawowa ya fi. Fangali goma sha shida. Na yi lissafin sawu nawa zai ɗauka, na daina a tsakiya don kada zuciyata ta karaye. Saura mako biyar albasa ta nuna. Zan ɗauko. Wadda ta rayu ta rayu, kuma bayan girbi zan kai ta gaban mangwaron nan in sake magana, ko mutum tara ne za su saurara.

Mutum biyu cikin masu na'ura sun zo a ɓoye suna tambaya yadda ake gane lokacin da ya kamata a buɗe. Na ce sai biyu sun yi ja. Suka ce za su rage awa, ba za su bar rana ba. Na ce ko hakan ma wani abu ne.

Talata, 29 ga Yuli, ƙarfe takwas na safe



Na fito gona da wuri don ban san me zan yi da safiyar Talata ba. Ina cire ciyawa na ji tafiya a kan hanyar ruwa. Kiangi ne, ya hau ya sako ruwansa daga tafki yana rako shi zuwa ƙasa. Na duƙar da kai don ya wuce cikin sauƙi. Bai wuce ba. Ya tsaya a bakin mashigata, ya ɗora bakin fartanyarsa a kan toshiyar.

"Yaya."

Shekara biyu ban ji wannan kalmar a bakinsa ba. Na miƙe da ciyawa a hannu.

"Ranar tawa ce yanzu, inda na ga dama zan kai ta. In buɗe miki?"

Allah ya sani na so in ce e. Ba don albasa ba. Na so ya buɗe, in tsaya kusa da shi muna kallon ruwa yana shiga, ko me zai ruɓe ya ruɓe. Na san kuma idan na ce a'a zai iya ɗauka na sake mayar masa da hannu, ya tafi wata shekara biyun. Na ciro wayar daga ɗaurin zane duk da na riga na gani tun asuba. Ja ɗaya a sama, kore biyu a ƙasa.

Na ce masa ba ta so tukuna. Na ce masararsa ta fi ta buƙata, ya wuce da shi duka, kada ya bar ko ɗigo a nan.

Fuskarsa ta ɗaure. Ya ɗauke fartanyar. Na ga ya juya, sai bakina ya riga ni.

"Kiangi. Ran Juma'a ruwanka zai sake bi ta nan. Ka tambaye ni ran Juma'a."

Ya tsaya da bayansa gare ni. Ya ce wai ni har yanzu sai abin da na ce. Sannan ya bi ruwansa ya gangara. Bai ce zai zo ba, bai ce ba zai zo ba.

Laraba, 30 ga Yuli, da yamma

Mama Eliaza ta ce da ita ce da ta buɗe ko gonar za ta zama tafki, wai mutum ya kawo maka zuciyarsa a kan fartanya ka tsaya duba waya. Na ce da na karɓa da ƙarya muka fara. Ta ce ni dai ba a iya mini. Ta bar mini ayaba ta tafi.

Wataƙila ita ce mai gaskiya. Tun jiya nake juya maganar.

Alhamis, 31 ga Yuli, da azahar

Ɗigon tsakiya ya fara sauyawa. Ganye ya ɗan kwanta da rana ta take. Na wanke bokiti biyu na jingine a bakin ƙofa, na gyara gammo. Idan bai zo ba, da sassafe zan fara da fangulan ƙasa.

Juma'a, 1 ga Agusta, ƙarfe shida da kwata na safe

Ja, ja, kore. Ina bakin mashiga da bokitina. Ruwan ya fara sauka, ina jin sa tun daga kwanar ayaba.

Ga shi can a bayan ruwan, da fartanya a kafaɗa. Tun daga nesa ya ɗaga murya yana tambaya wane launi ne.